Hakkin Mai Gyaran Hanya

Daminar shekara ta 2024 ba za ta fita daga bakin mutanen Nijar da wuri ba. Ran 30 ga watan Agusta ruwa ya sauko a kan birnin Maraɗi, wajen milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. Bayan kwana huɗu tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Ruwa ya yanke manyan hanyoyin da ke shiga Yamai, har ya zama da wuya mota ta shiga ko ta fita. Aka ɗaga buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba, gama waɗanda gidajensu suka faɗi su ne ke kwana cikin azuzuwa. Da hukuma ta gama lissafi aka ce kusan mutum 400 suka mutu, fiye da 1,500,000 kuwa ɓarnar ta taɓa su.

Babbar hanya idan ta yanke, kowa ya kan ji. Manyan motoci su kan yi jerin gwano, rediyo ta yi ta magana, kafin a daɗe an kawo katafila. Amma akwai wata hanya wadda ba ta da lamba a takarda, wadda ta tashi daga ƙauye, ta bi tsakanin gonaki, ta ƙetare ƙorama biyu ko uku kafin ta haɗu da kwalta. Ta nan a ke kai hatsi da wake kasuwa, ta nan amalanke ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa gidan likita. Wannan idan ruwa ya cinye ta, ta kan shekara a cinye, domin katafila ba ta da yawa, kuma ba a kan fara da ƙauye ba.

Saboda haka ne a ke kawo shawara cewa a gyara irin waɗannan hanyoyi da hannun mutane, a ɗauki mutanen wurin aiki, a biya su. Ma'aikatan hukuma suna kiran wannan tsari HIMO da Faransanci, watau aiki mai cin hannu da yawa. Ga ji, shawara ce mai daɗi. Amma akwai masu ƙin ta ta fuska biyu, kuma dukansu ba wawaye ba ne. Wasu suna cewa: a wannan zamani na inji, a ba ɗan Adam diga da kwando ya yi aikin da mota za ta yi cikin kwana uku, ai an maishe shi jaki ke nan domin shi talaka ne. Wasu kuma suna cewa: hanyar ai tasu ce, don me za a biya mutum ya gyara ƙofar gidansa? Ina gayya? Na farko suna ganin an wulakanta mutum, na biyu suna ganin an lalata shi. Ina so mu auna maganganun nan biyu, ɗan'uwana mai karatu, gama tambaya ce ta gaskiya da adalci, ko da ya ke ta zo cikin rigar injiniya.

Ba za mu iya yanke hukunci a kan aiki ba sai mun san shi. Hanyar ƙasa, in ka duba da kyau, dabara ce ta korar ruwa. A kan yi mata doro a tsakiya, ta gangara kamar santimita 5 zuwa 7 a kowace mita, domin ruwan sama ya zube gefe maimakon ya kwanta. A kan haƙa magudana dama da hagu, sa'an nan a wurare a fid da 'yan rassa da za su kai ruwan cikin daji kafin ya taru ya yi ƙarfi. Inda akwai gangare a kan jera duwatsu cikin magudanar su rage masa gudu. Inda hanya ta ƙetare ƙorama, sau da yawa ba a bukatar gada: a kan daɓe gindin ƙoramar da siminti da dutse, abin da direbobi ke kira radiye, ruwa ya bi ta kai ya wuce, mota ta jira 'yan sa'o'i ta ƙetare. Bakin ƙorama kuwa a kan tare shi da ragar waya cike da duwatsu. A ƙarshe a zuba jar tsakuwa kaurin kamar santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe.

Ka ga yawancin wannan aikin ido ne da hannu. Inji ba ya jera dutse cikin ragar waya. Inji bai san inda ruwa ya saba bi ba, amma tsohon da gonarsa ke bakin hanya ya sani, ya ga inda ya fasa bara da bara waccan. Lafiyayyen mutum a ƙasa mai taushi ya kan haƙa rami mai tsawon mita 3, faɗin mita 1, zurfin mita 1 a yini guda. Mutum 100 ke nan ba ƙaramin abu su ke yi ba. Amma kada mu ruɗi kanmu, akwai abin da hannu ba ya iyawa. Baro yana da amfani har kamar mita 150 ko 200. In tsakuwa ta fi haka nisa, sai amalanke ko tarakta. Daɓe kuma, in a ke so ya jure mota mai kaya, sai da ƙaramin injin daɓe, da tankin ruwa a bayansa. Hanyar da aka zuba wa tsakuwa ba a daɓe ba, ruwan farko zai kwashe ta, an yi asarar kuɗi, an yi asarar gumi.

An daɗe ana gwada wannan a Afirka. Kenya ta fara a 1974, ta yi wajen kilomita 8,000 na hanyoyin karkara da hannun mutane cikin shekara goma sha. Gana ta fara nata a 1986, ta koya wa ƙananan 'yan kwangila yadda za su yi hanya da ma'aikata da 'yan injuna kaɗan. A nan gida, aikin Keita da aka fara a 1984 cikin jihar Tawa ya tare tuddai da kwaruruka da duwatsun da aka ɗauko a ka, kuma yawancin masu ɗaukar mata ne, domin maza sun tafi biɗa. Abin da aka koya daga irin waɗannan ayyuka shi ne, in da inji aka yi hanya, abin da ke shiga aljihun ma'aikata bai cika wuce kashi 1 cikin 10 na kuɗin ba, sauran ya tafi ga mai, da kayan gyara, da hayar injin, yawanci zuwa ƙasashen waje. In da hannu aka yi, ya kan kai kashi 3 ko 4 cikin 10, wani lokaci har rabi. Wannan kuɗi a kasuwar ƙauye za a kashe shi. Mai tuwo za ta gani, maƙeri zai gani, mai gini zai gani sa'ad da za a ta da ɗakin da ya faɗi.

To, ga mai cewa an mai da mutum jaki, amsata ita ce diga ba ta rage darajar kowa. Wanda ya yini yana noma da hauya ba ya jin kunya, don me zai ji kunyar haƙa magudana? Wulakanci yana shigowa ne in aikin na banza ne, in an ba mutum abin yi domin kawai a sami dalilin ba shi kuɗi, kowa kuma ya san hanyar ba za ta ga damina biyu ba. Talaka ba wawa ba ne, ya kan gane sa'ad da a ke wasa da shi. Amma in hanya ce ta gaske, wadda aka auna, aka daɓe, wadda zai bi shekaru yana nuna wa ɗansa radiyen da ya jera wa dutse, ban ga abin ƙi a ciki ba.

Duk da haka mai wannan magana yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba ƙarama ba ce. Hannu ba shi da sauri. In hanyar da ta yanke ita ce kaɗai a ke bi zuwa asibiti, kamar yadda ƙauyuka da yawa na kwarin Majiya ke neman kwalta domin su kai maras lafiya Galmi ko Madawa, kowane mako na jira yana iya zama ran mutum. A irin wannan wuri, wanda ya ce a dakata da inji domin a samar wa mutane aiki ya sayi aikin da tsada ƙwarai, kuma ba shi ne zai biya ba. A fara buɗe mashiga da duk abin da ke hannu, a ƙetarar da mai ciwo. Aikin hannu ya biyo baya da kaka da rani.

Akwai kuma dalilin da ya sa tsofaffinmu ba su kan yi murna da wuri ba in an ce aikin hanya. Yawancin hanyoyin farko na ƙasashen nan da aikin tilas aka yi su. A mulkin Faransa kowane baligi ana binsa wasu kwanaki a shekara na aiki ba lada, yawanci a kan hanya. Kumandan ya faɗa wa sarki adadi, sarki ya faɗa wa mai gari, dogari ya zo da bulala. Mai kuɗi yana iya fansar kansa, talaka ya ɗauki kwando. A wasu wurare abin ya fi haka muni: reluwen Kwango, wanda aka yi daga 1921 zuwa 1934, ya ci rayukan mutum fiye da 17,000, da yawa cikinsu 'yan kabilar Sara ne da aka kwaso daga kudancin Cadi. Sai ran 11 ga Afrilu 1946 aka yi dokar da ta hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, dokar da a ke kira da sunan Hufuwe-Bwanyi na Kodebuwa, wanda ya kai ta majalisa.

Ka lura, kwandon da kakanmu ya ɗauka a 1935 da wanda jikansa zai ɗauka yau iri ɗaya ne. Diga ɗaya, rana ɗaya, ƙura ɗaya. In ka ɗauki hoto ba za ka iya rabe su ba. Bambancin yana wurin da ido ba ya gani: ko mutum yana da ikon ya ce a'a, ko an biya shi, ko hanyar za ta kai shi inda shi ya ke so ya je. Kakanmu ya yi hanya domin motar kumandan da gyaɗar kamfani. Ya kamata duk mai shirya irin wannan aiki ya riƙa tunawa da cewa yana tafiya ne a bakin rijiya.

Yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas ta bar wasu ƙofofi a buɗe. Ta yarda a kira mutane aiki a lokacin masifa, kamar ambaliya ko gobara. Ta kuma yarda da ƙananan ayyukan gari waɗanda mutanen gari ke yi domin amfanin kansu, muddin an shawarce su. A ganina wannan daidai ne. Daren da ruwa ke neman cin gari, ba wanda zai tsaya cinikin lada. Kowa ya fito da buhu da shebur, wanda ya kwanta a ɗaki kuwa ya yi abin kunya. Amma masifa tana da iyaka. Kwana uku na tare ruwa masifa ce. Wata uku na haƙa da ɗaukar tsakuwa, a lokacin da ya kamata mutum yana neman abin da iyalinsa za su ci, aiki ne, kuma aiki yana da lada. Wanda ya ja sunan gaggawa daga Agusta har Maris domin ya sami hannu kyauta, tsohon kumandan ne ya dawo, sai dai ya sake hula.

Har wa yau akwai wata tilas wadda ba ta riƙe bulala. Mutumin da rumbunsa ya jiƙe, hatsin ya ruɓe, tumakinsa ruwa ya tafi da su, in ka ce masa ga aiki a kan rabin lada zai ce to. Zai ma yi maka godiya. Hausawa sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Amma wannan "to" ba ta wanke ka ba, gama yunwa ce ta amsa, kai kuma ka sani. Nan ne na rabu da masu cewa duk abin da mutum biyu suka yarda a kai ya halatta. Yarda tana da nauyi in mai yardar yana da wata ƙofa. In ba shi da ita, nauyin adalci duka ya koma kan mai bayarwa.

Nawa ne ladan adalci? Masu shirya aiki suna da wata dabara: su kan sa lada ƙasa kaɗan domin mai hali ya ƙi zuwa, mabukaci kaɗai ya zo. Su kan kuma ji tsoron in lada ya yi yawa mutane za su bar gona, manomi ya rasa ɗan barema. Ba zancen banza ba ne. Amma dabarar tana da ƙasa wadda ba za a nutse a wuce ta ba. Daga Janairu 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 a wata. In ka raba da kwana 26 ka sami wajen 1,600 a yini. Ni ma'aunina ya fi wannan sauƙi. A je kasuwa a tambayi kuɗin tiyar hatsi a wannan mako. Ladan yini ya isa ya ci da gida mai mutum shida ko bakwai a wannan yini, har a rage abin ajiyewa domin ginin ɗaki ko iri. In bai kai haka ba, mutumin yana ƙona ƙarfin da ba ya iya mayarwa, hanya tana tashi, shi yana ramewa.

A kan fi yin wannan aiki da jinga: a auna wa mutum rabonsa na yini da igiya da turaku, in ya gama ya tafi. Jinga tana da kyau ƙwarai a ƙasar zafi. Mutum ya fara da asuba, kafin rana ta take ya koma gida, ba mai tsaya masa a ka. Amma igiya ba ta san tsoho ba, ba ta san mace mai goyo ba, ba ta san ƙasa mai dutse ba. Sai mai riƙe igiya ya sani. Aikin hanya yana da wuri domin kowa: mai ƙarfi ya haƙa, wani ya baza tsakuwa, wata ta yayyafa ruwa, wata ta tsinci dutse, tsohuwa ta zauna inuwa da jarirai. Dukansu aiki su ke yi. Kuma in mace ta cika jingarta, ladanta ya zama daidai da na namiji, a hannunta kuma za a sa shi.

Sa'an nan lokacin biya. A nan ne ayyuka masu kyakkyawan nufi su kan lalace. Ana gama mako biyu, a ce takarda ba ta dawo daga birni ba. A gama wata, a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ma'aikacin ofis da ya jinkirta takardar bai ga kansa a matsayin azzalumi ba, gama bai ci ko dala ba. Amma ma'aikacin hanya ba shi da ajiya. Ya riga ya ci bashin hatsi wurin mai shago a kan zai biya ran Juma'a. Kowane mako da ya wuce bashin yana ƙaruwa, har ranar da ladan zai zo ya riga ya zama na wani. Shari'ar Musa, cikin Kubawar Shari'a sura 24, ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙodago a ranar da ya yi aiki, kafin faɗuwar rana, dalilin da ta bayar kuwa shi ne talaucinsa. Ban ce tilas a biya kowace yamma ba. Amma ranar da aka ambata ta zama rana, kuɗin kuma ya kasance a hannu tun kafin a sari ƙasa. Ɗan kwangilar da ya fara aiki da alkawari kawai yana cin bashi ne daga mafi talaucin mutane, ba tare da ya tambaye su ba.

Yanzu ga inda maganar ta taɓa mu kai tsaye. Aiki ba ya isar kowa. Ana bukatar mutum 80, mutum 300 suka zo. Wani zai riƙe alƙalami ya rubuta suna, kuma a ƙauyukanmu sau da yawa malamin makaranta ko mai wa'azi a kan kira, domin shi ya iya rubutu, an kuma ce yana da amana. Jarabar a nan ba ta zuwa da kamannin sata. Ta kan zo da fuskar ɗan'uwa. Ga wanda ku ke sujada tare, ɗakinsa ya faɗi, ka san 'ya'yansa da suna. Mu kuma kaɗan ne a gari, an sha mantawa da mu wajen rabo, to, ba yau ce ranarmu ba? Mai gari ma haka ya ke tunani game da surukinsa. Amma kuɗin nan ba na ikilisiya ba ne, ruwan kuma bai tambayi addinin kowa ba sa'ad da ya shiga gida. Bafillacen da ke ruga bayan gari, wanda shanunsa suka nutse, ba ya zuwa fada, ba wanda zai tuna da shi, amma hakkinsa bai gaza na kowa ba. Gwauruwa ba za ta kutsa cikin maza ta yi ihu ba. In kana so ka taimaki ɗan'uwanka, ga aljihunka, ga baikon ikilisiya.

Maganin wannan ba sabo ba ne. A tara gari a gindin itace, a faɗi adadin da a ke nema, da lada, da ranar biya, kowa yana ji. A fara da gidajen da ɓarna ta fi taɓawa, jama'a su tabbatar da baki. In har yanzu sun fi yawa, a jefa ƙuri'a a fili, gida ɗaya mutum ɗaya, a kuma riƙa juyi, waɗannan su yi mako uku, waɗancan su karɓa. Wannan yana kāre mai alƙalami kansa, gama ba wanda zai zo masa da dare. Yara kuwa ba su cikin lissafi, ko da uba ya roƙa. Sai kuma a tuna da waɗanda ba za su iya ɗaukar ko kwando ba: makaho, da tsohon da ba shi da kowa, da mai doguwar jinya. In aka ce duk taimako sai ta hanyar aiki, an rufe musu ƙofa. Su kyauta ta dace da su, ba tare da sharaɗi ba.

Saura masu cewa biya yana kashe gayya. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro, domin na san tana da tushe. A yunwar 1984, a ƙauyukan Maraɗi, an yi aikin abinci-don-aiki wanda aka haɗa da abin da yanzu mu ke kira sassabin zamani: manomi ya bar tohon kututture a gonarsa, ya gyara shi ya zama itace. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya kawo dabarar, ya ba da labari cewa an bar itatuwa wajen 500,000, amma da rabon abinci ya ƙare aka sare kamar kashi 2 cikin 3. Mutane sun ɗauka itacen na mai hatsi ne. Daga baya dabarar ta bazu ta rufe miliyoyin kadada, amma daga manomi zuwa manomi ta bazu, ba da lada ba, sa'ad da kowa ya ga itacen nasa ne kuma yana amfaninsa. Haka hanya ke iya zama. In mutane suka saba cewa ba a taɓa shebur sai an rubuta suna, ranar da magudana ta toshe da yashi za su tsaya suna kallo, suna jiran masu mota fara.

Amma mu tambayi kanmu mece ce gayya. Rance ce ta ƙarfi tsakanin maƙwabta: yau gonata, gobe taka, mai gona ya dama fura, yini ɗaya an gama. Kowa ya san abin zai zagayo kansa. Hanya ba haka ta ke ba. Mai babbar mota da zai zo ya kwashi albasa ko wake ya fi kowa cin moriyarta, shi ne kuma ya fi kowa lalata ta, amma ba za ka gan shi ran gayya ba. Ɗan kasuwa zai aiko yaro. Mutanen birni an yi musu kwalta da kuɗin haraji, ba wanda ya ce su fito da diga. In aka ce mutumin ƙauye kaɗai zai biya hanyarsa da jikinsa, alhali shi ma yana biyan haraji, an karɓa daga gare shi sau biyu. Sunan gayya yana da daɗi, shi ya sa a ke saurin aronsa.

Mu kan so labarin Nehemiya, yadda mutanen Urushalima suka ta da garun birni cikin kwana 52, da yawa cikinsu kowa yana gyara daura da gidansa. Masu son aikin kyauta su kan tsaya a nan. Amma sura ta 5 tana cikin littafin. Ana tsakiyar gini talakawa suka yi kuka, suna jinginar da gonaki domin su sayi hatsi, har ana kai 'ya'yansu bauta saboda bashi. Nehemiya ya tara manya ya sa suka mayar da gonakin, shi kansa kuma ya ƙi karɓar abincin da ke hakkin gwamna. Ashe ko a wancan gini, wanda aka yi da zuciya ɗaya, an tsaya an duba wa ke ɗauke da nauyin.

A ganina iyakar tana nan. Ta da hanya daga kango babban aiki ne na jama'a duka, a biya shi daga kuɗin jama'a. Amma 'yar magudanar da ta bi ta ƙofar gidanka, da reshen da ya faɗi ya tare ruwa, da ramin da ya fara buɗe baki bayan ruwan daren jiya, waɗannan ba su bukatar takarda. A faɗi wannan a fili tun ranar farko, a gindin itacen nan da aka jefa ƙuri'a, kada a bari sai ranar da za a kwashe kayan aiki. Kuma a bar wa gari baro da diga da shebur.

Tsakanin biyun akwai gyaran kullum, wanda ya fi ƙarfin sa kai amma bai kai kwangila ba. Mutanen Kenya sun yi masa dabara: su kan ba mutum ɗaya da ke zaune bakin hanya kilomita ɗaya da rabi ko biyu, yawanci cikin waɗanda suka gina ta, a ba shi kayan aiki da ɗan albashi, ya yi 'yan kwanaki a mako a kan hanya, sauran ya yi gonarsa. Kowa ya san rabon wane ne, in ya lalace an san ƙofar da za a buga. Hanya mai kilomita 20 mutum 10 zuwa 13 ke nan. A ƙasarmu babban aikinsu zai faɗo a watan Mayu, kafin ruwan shuka: su kwashe yashin da iskar rani ta cika magudanai da shi, su duba gindin radiye inda ruwa ya fara rarake ƙasa, su ɗaure ragar da ta tsinke, su tara tsakuwa a gefe domin cike ramuka. Albashinsu ba sai an jira baƙo daga ƙetare ba. Kowace ranar kasuwa ana yanka tikiti ga motoci da amalanke da rumfuna, kuma hukumar gari tana da ikon ta ware wani kashi na wannan kuɗi ta rubuta shi da sunan hanyar da ta kawo su.